Ruwa Ba Ya Mayar da Aro

Launi goma sha shida na zaɓa,
ba don rowa ba, ƙa'idar wasan ke nan.
Na tsaga fuskar kwamfuta gida-gida
kamar ramukan dara a gindin ɗorawa,
kowane gida ɗigo guda,
kowane ɗigo da launinsa, ba ya aron na maƙwabci.

Ruwan Dadin Kowa nake son kamawa
a daidai lokacin da ladan ke gyaran murya,
masunta na jan kwalekwale zuwa gaɓa.
Na ajiye rana a hagu, ƙasa-ƙasa,
duk abin da ya juya mata fuska
na shafa masa ruwan goro:
kuncin dutse, bakin filafili,
kafaɗar yaron da ke wanke babur.
Ɗigo uku ce kafaɗar.
Na ƙara na huɗu, ya zama ƙato, na goge.

Inuwa ta ba ni wuya.
Na zuba baƙi ƙirin, hoton ya mutu a tsaye.
Sai da na fita na dubi bayan katangarmu
na ga ashe shunayya ce, mai sirkin shuɗi,
kamar tsohon rawani da ya sha wanki.

Ruwan kuwa, na yi masa wayo.
Na kwafi sama, na kifa ta a ƙasa,
dutse kan dutse, jirgi kan jirgi,
na miƙe ƙafa ina jin na gama.

Bappa Hammayo ya shigo neman ashana.
Shekara arba'in yana ƙirga zare a kan hula
kafin yana ta rufe masa ido ɗaya da rabi.
Ya kai hancinsa har jikin gilashi.
"Wannan ai ɗinki ne," in ji shi, "allurar ce babu."
Ya daɗe shiru.
"Amma ruwanka maƙaryaci ne, ɗana.
Yaushe ka ga ruwa ya mayar da aro
yadda aka ba shi?
Ba shi ja, ya miƙo maka makuba.
Ba shi gora miƙaƙƙiya, ya karya ta uku
kuma ba zai ba ka haƙuri ba."

Na koma layi-layi.
Wannan na tura shi gida biyu dama,
na ƙasansa gida ɗaya hagu,
na rage wa kowane launi ƙarfi da taki guda,
na yanka tsakaninsu da ruwan bula.
Fitilar Dudu mai suyar kifi,
ɗigon rawaya ɗaya tak a kan tudu,
a cikin ruwa ta zama bakwai,
dogaye, a warwatse, na ƙarshen da ƙyar yake numfashi.

Saura fari, ban taɓa shi ba.
Bappa ya ce fari gishiri ne,
a ƙarshe ake sa shi, da yatsu biyu.

Nan aka ɗauke wuta,
mu da ke kwana da ƙugin dam a kunne.
Batir ya ce saura tara.
Na ɗiga fari biyu a inda igiyar ruwa
ta ɗaga kai ta kalli rana.

"Ka sa?"
"Na sa."
"Ina?"

Na kama yatsansa, wanda allura ta mayar ƙirgi,
na ɗora a wurin.
Ya rufe farin, da kwalekwalen, da masuncin duka.
Ya ce ya gani.

Sai allon ya mutu.
A baƙin gilashin, da ɗan hasken taga,
ga mu nan mu biyu, kai kusa da kai,
mun fi yadda muke duhu,
gefen hularsa ya narke cikin kunnena.